Jar Motar da Muka Bari a PZ

Samaru, Zariya
Ranar Alhamis

Zuwa ga autana Dauda,

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, kai da matarka Rifkatu. Bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da naku har zuwa jibi, amma ga ni zaune ina rubuta maka wasiƙa kamar ka riga ka yi nisa. Na rubuta a bayan ambulan cewa kada ka buɗe sai kun sauka kun huta. Idan ka ji maganata, to yanzu kana Legas ke nan. Ubangiji ya sa kun isa lafiya, ya tsare ku daga sharrin hanya da sharrin mutum, ya sa ka shiga sabon aikin nan da ƙafar dama.

Ranar Lahadi da muka dawo daga sujada ka zauna kusa da ni, ka nuna mini hotunan motoci biyu a wayarka, tsofaffin motocin Italiya irin ta marigayi babanka. Ɗaya fara ce mai rufin ƙarfe, ka ce tana wani gida a Kaduna, ta yi shekaru ba a tayar da ita ba. Ɗayar koriya ce mai rufin tamfol, tana Jos a hannun wani dattijo da har yanzu yake fita da ita. Ka ce da zarar ka zauna da gindinka a wurin aiki za ka dawo ka ɗauki ɗaya, ka riƙa gyara ta a hankali. Ka ce zuciyarka tana kan farar, domin ita ce sak ta Baba. Sannan ka tambaye ni wacce nake gani. Na miƙe na ce maka miya za ta ƙone. Babu miya a kan wuta ranar nan, Dauda. Na shiga kicin ne na tsaya har na ji ka fita.

Ban san inji ba. Bayanin da ka yi ta yi mini na kafireto da giya, ta kunnen nan ya shiga ya fita ta wancan. Amma akwai abin da na sani game da farar motar babanka wanda kai ba ka sani ba, kuma bai kamata ka zaɓi mota a kan labarin da rabinsa kawai aka ba ka ba.

Muna da shekara ɗaya da aure, ina da ƙaramin cikin yayarka Talatu, babanka ya dawo daga aiki wata rana, bai ko cire takalmi ba ya ce in shirya gobe za mu Sabon Gari. A lokacin yana aiki a ɗakin injuna na jami'a, inda ɗalibai ke koyon yankan ƙarfe, ni kuma ina koyarwa a firamaren da ke bayan kasuwar Samaru. Babur gare shi, kuma ya daɗe yana tari don ya sayi mota. Ni a zatona irin wadda kowa ke saye zai saya, wadda za a jefa buhun masara a bayanta idan mun je gida. Ashe wasu Turawan Italiya ne da suka gama aikin hanya suka koma ƙasarsu, suka bar motocinsu biyu a hannun wani dillali a unguwar PZ da ke Sabon Gari, ana ce masa Alhaji Garba.

Motocin nan uwa ɗaya uba ɗaya ne. Inji iri ɗaya, fuska iri ɗaya, gajeru har sai mutum ya sunkuya zai shiga. Rufi ne ya raba su. Ɗaya ja ce, rufinta tamfol da ake naɗewa baya, kujerunta biyu tak. Ɗayar fara, rufin ƙarfe, da wata 'yar kujera a baya wadda yara kawai za su iya zama a kai.

Alhaji Garba ya san babanka, sai ya miƙa masa makullin jar ya ce mu zagaya da ita. Kaka ce, ruwa ya ɗauke amma ciyawa ba ta bushe ba, dawa duk ta fitar da kai. Muka bi ta Kwangila, muka wuce Samaru, muka miƙe hanyar Shika. Da muka fita daga cikin mutane babanka ya tsaya ya naɗe tamfol ɗin, ya shigo ya taka ta. Ban taɓa jin abu irin wannan ba. Iska ta cika mini baki, gonaki suna wucewa dama da hagu, ƙarar injin tana tasowa tun daga tafin ƙafata. Ɗankwalina ya tashi ya faɗa gonar wani, ban ko ce a tsaya ba. Na yi dariya har hawaye suka zubo. Babanka yana tuƙi yana satar kallona, shi ma yana dariya.

A dawowa muka iske cunkoso a bakin kasuwar Samaru, ya rage gudu. Nan idona ya faɗa cikin na Mama Jummai, shugabar zumuntar matan majami'armu a lokacin. Ta dube ni, ta dubi kaina da babu ɗankwali, ta dubi motar, ta gyara kwandon da ke hannunta. Ba ta ce komai ba. Amma kafin mu isa Kwangila na gama tsara duk abin da za a faɗa a kaina: amarya, malamar makaranta, mai ciki, tana yawo kai a buɗe cikin jar mota kamar 'yar wasan kwaikwayo.

Da muka koma PZ muka ɗan zagaya da farar ita ma. Babanka ya ja ni gefe ƙarƙashin wata bishiya ya tambaye ni wacce. Na ce farar. Na kawo masa dalilai: ga haihuwa tafe, ga ruwan damina, ga ɓarayi da za su iya yanka tamfol da reza. Duk gaskiya ne, amma ba ko ɗaya a ciki da yake shi ne dalilina. Ya dube ni, sannan ya ce, "Saratu, har zuciyarki?"

Na ce, "Har zuciyata."

Bayan shekaru masu yawa, da Mama Jummai ta tsufa na je duba ta, na tayar mata da zancen ranar nan cikin wasa. Ta ce ita ba ta tuna ba sam, ƙila ma rana ce ta hasko mata ido. Ka ga wadda na ji wa tsoro ke nan.

Saboda haka ka saurare ni. Garin da ka je ya fi Samaru idanu, kuma za a dube ka ko me ka hau. Idan ka zo yanke shawara, ka fara raba abin da kake so da abin da kake tsoron a ce. Kuma idan ka tambayi Rifkatu, kada ka tambaye ta a gaban dillali ko a gaban abokanka. Yarinya ce mai kunya, ta san kana kewar babanka, za ta ce maka farar don ta faranta maka. Ka bari sai kuna ku biyu, ka tambaye ta, ka bar ta ta kwana da maganar, ka sake tambaya.

Kuskurena na biyu ya fi na farko nauyi, shi ne ma ya sa na gudu kicin.

Kafin a gama ciniki babanka ya ce sai Baba Sunday ya duba motocin. Wani tsohon bakanike ne Bayarabe, garejinsa yana bayan kasuwar Sabon Gari, kuma shi ne yake yi wa Turawan nan gyara. Ranar da ya zo, babanka da Alhaji Garba sun tafi neman wasu takardun motar, aka bar ni zaune a kan benci. Baba Sunday ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashin jar, ya fito. Ya shige ƙarƙashin farar, ya daɗe, ina jin yana ƙwanƙwasa ta da sukundireba. Da ya fito ya zo gabana ya buɗe tafin hannunsa, ga ɓarɓashin tsatsa kamar garin barkono. Ya ce injin duka biyun lafiya lau, amma farar ta daɗe a Legas kusa da teku kafin a kawo ta arewa, iskar gishiri ta cinye ta daga ƙasa. Jar kuwa a bushe take, tamfol kawai za ta nema nan gaba. Yana sauri, wata babbar mota ta lalace a hanya ana jiransa. Yana goge hannu ya ce mini da Hausarsa ta Yarabawa, "Madam, ki gaya wa maigida, farar nan ƙasanta ya ruɓe. Fenti ne kawai ya riƙe ta."

Da babanka ya dawo ya tambaye ni me Baba Sunday ya ce, na ce masa ya ce inji lafiya lau. Na tsaya a nan. Na san idan na ƙarasa, jar zai ɗauka, ni kuma na riga na ce har zuciyata. Na gaya wa kaina cewa tsatsa ce kawai, ai babanka mai ƙarfe ne, zai gyara. Ba a daɗe ba Baba Sunday ya tattara ya koma garinsu, can ya rasu. Maganar ta rage a cikina ni kaɗai.

A damina ta biyu muna dawowa daga sujada, Talatu tana kan cinyata, muka shiga wani ruwa da ya kwanta a hanyar Basawa. Sai na ji sanyi a ƙafata, zanena ya jiƙe har gwiwa. Da muka isa gida babanka ya ɗaga shimfiɗar ƙasan motar, sai ga ƙasa muna gani ta wani rami da hannu zai shige. Ya sa yatsa ya danna gefen ramin, ƙarfen ya rufta kamar ƙosai. Ya zauna a ƙasa da kayan sujadarsa. Daga baya ya ce, "Ni da nake koya wa 'ya'yan mutane ƙarfe, ban leƙa ƙarƙashin mota ba."

Ina tsaye a kansa da yarinya a hannu. Na ce masa ya tashi abinci zai huce.

Daga ranar nan Asabar ɗinsa ta zama ta walda. Ya yanke ƙasan motar ya sa sabon ƙarfe, tsatsa ta ɓullo ta gefen ƙofa. Ya toshe nan, ta fito ta wajen tayar baya. Abin da kake yawan faɗa, cewa idan ka tuna babanka ƙafafunsa kake gani sun leƙo daga ƙarƙashin mota, haka ne. Kana cewa son mota ne. Akwai son mota a ciki, amma rabin kwanciyar nan ni na kwantar da shi, kuma duk tsawon shekarun yana ɗora wa kansa laifin.

Don haka duk wadda za ka je gani, ka je da rana tsaka, kada ka yarda a nuna maka ita bayan an wanke ta tana sheƙi. Ka ce kada a tayar da ita kafin ka iso, ka ɗora hannu a kan bonet ka ji ko da sanyi. Ka tafi da bakaniken da bai san mai motar ba, ya yi maka bayani kai da kanka, baki da baki, ba ta hanyar wani ba ko da matarka ce ko uwarka. Ka shimfiɗa kwali ka shiga ƙarƙashi da kanka, ka ɗaga shimfiɗar ƙasa, ka danna duk inda fenti ya fi sabunta. Ka kuma tuna cewa garin da za ka kai ta shi ne garin da ya cinye ta babanka. Wannan na mota ke nan. Na zaman aure kuwa, duk maganar da aka ba ka ka kai wa Rifkatu, ka kai ta cikakkiya. Ban yi wa babanka ƙarya ko kalma ɗaya a ranar ba, rabi kawai na ajiye, kuma rabin nan ya fi duk wata ƙarya da na taɓa yi ɓarna.

Wani likita ne ya sayi jar. Shekara da shekaru muna haɗuwa da ita a hanyar Samaru, tamfol a naɗe, shi da matarsa a ciki. Babanka yakan ɗaga masa hannu, sannan ya bi ta da ido a madubi har ta ɓace. Ni kuma sai in juya ina kallon waje. Bai taɓa ce mini ga abin da kika sa na rasa ba, ko da wasa.

Abin da yake nema a wurina ɗan kaɗan ne. Idan ya gama gyara da yammacin Asabar ya yi wanka, sai ya leƙo ya ce in zo mu je Shika mu dawo, ya ji yadda take tafiya. Sau da yawa ya ce zai koya mini tuƙi a filin makarantarmu lokacin hutu. Kullum ina da abin yi: littattafan yara da zan duba, wanki, taron zumunta, tuwon dare. Gaskiyar magana, duk lokacin da na shiga motar nan ƙafafuna nake kallo, in tuna tafin hannun Baba Sunday. Laifin nawa ne, amma shi na riƙa hukuntawa da ƙin fita. Sai ya kwashe ku ku uku a 'yar kujerar baya ku tafi, ku dawo da rake kuna ba ni labari.

Sau ɗaya tak muka yi doguwar tafiya mu biyu a cikinta, bikin ƙanwarsa a Zonkwa. Mun wuce Kachia ke nan lagireto ya tafasa, hayaƙi ya turnuƙe. Ya gangara gefen hanya, ya buɗe bonet, ya ce babu abin yi sai jira. Muka zauna a ƙarƙashin wata ɗorawa. Wata mata da ke gona kusa ta gasa mana masara, ta kawo mana ruwa a ƙwarya, rabi muka sha rabi ya ajiye wa mota. Babanka ya jingina da bishiyar yana rera waƙoƙin sujada da muryarsa da ba ta da daɗi, ni ina gyara masa inda ya ɓata. Muka isa an riga an ɗaura aure, 'yan uwansa suna ta faɗa. Idan aka ce in zaɓi yini ɗaya daga aurena in sake yin sa, wannan zan ɗauka. Kuma da na so, da na sami irinsa ɗari.

Kai ɗan babanka ne, na san yadda za ka yi. Za ka dawo daga aiki ka shige ƙarƙashin mota, ka bar yarinyar mutane ita kaɗai a garin da ba ta san kowa ba. Kada ka yi haka. Ka ba ta sitiyari tun da wuri, ko da za ta goga maka fenti a jikin bango. Idan ta ce ba ta son fita, kada ka ɗauki makulli ka tafi ka bar ta kamar yadda babanka ya yi saboda haƙurinsa, ka zauna ka ji dalili. Idan kuma ita ce ta ce ka zo ku fita, ka ajiye sifana ka tashi. Aikin da na riƙa fakewa da shi yana nan har yau, ban gama shi ba.

Saura na ƙarshe, kuma wannan kai na yi wa.

Kana shekarar ƙarshe a makarantar kwana lokacin da ɓarin jikin babanka ya shanye. Motar ta tsaya a ƙarƙashin mangwaron tsakar gida, tayoyi suka sace, kaji suka mayar da ƙarƙashinta wurin kwana. Kullum da safe idan na fito da shi baranda sai ya nuna in juya masa kujera ta fuskanci motar. Haka zai wuni yana kallonta. Na riƙa gaya wa Talatu cewa ganinta yana ƙara masa ciwo. Ban taɓa tambayarsa ba. Ni ce ganinta yake ci.

Wata Laraba da Talatu ta kai shi asibiti wajen masu motsa masa jiki, na aika aka kira 'yan gwangwan daga Sabon Gari, masu sayen tsofaffin ƙarafa. Suka zo da akori-kura, suka ɗaura mata igiya suka ja ta. Ba su ko tambayi makulli ba. Kafin azahar babu komai a wurin sai ƙasa fili inda ciyawa ba ta fito ba, da ɗigon baƙin mai.

Da suka dawo ya tsaya a bakin ƙofa, ya dogara sandarsa. Lokacin harshensa ya yi nauyi, sai ka matso za ka ji. Ya ce, "Ta tashi, ko janta suka yi?"

Na ce janta suka yi.

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "Da sun ɗan zuba mai a kafireto, da ta tashi."

Washegari na fito da shi, ya nuna in juya masa kujera kamar kullum, ya zauna yana kallon filin. Da ka dawo hutu ka shigo da gudu kana tambayar ina mota, na ce maka babanka ne da kansa ya ce a sayar. Yana zaune a wurin, yana ji. Ya dube ni, ya dube ka, bai ƙaryata ni ba. Na ga yadda ka yi kwana biyu ba ka zauna kusa da shi ba, kana jin haushin ya rabu da ita bai jira ka ba. Ya ɗauki wannan ma ya haɗiye. Ba shi ba ne, Dauda. Da an bar ta, kai zai ba.

Ana saura makonni kaɗan ya rasu, wata rana da la'asar ina yanke masa farce a baranda, sai na ji bakina ya ce masa jar nake so a ranar nan. Ya yi dariya da ɓarin bakinsa mai motsi, ya ce ya sani, ai ya ji dariyata a hanyar Shika. Na ce to me ya sa bai ce komai ba. Ya ce, "Na tambaye ki sau biyu. Na ɗauka kina da dalilinki."

Na so in ci gaba in gaya masa maganar Baba Sunday, sai wata maƙwabciya ta yi sallama. Na ce gobe. Goben ma na ce gobe. Ya tafi yana ganin shi ne bai leƙa ƙarƙashin mota ba. Kai ne mutum na farko da ya ji wannan daga bakina. Talatu da ɗan'uwanka Iliya ba su sani ba, amma na kira su su zo ranar Lahadi bayan sujada, zan gaya musu da kaina. Kada ka riga ni.

Yanzu bari in amsa tambayarka. Farar da ke Kaduna ba ta babanka ba ce, kama kawai suka yi. Tasa an daɗe da yayyanka ta. Idan ka ɗauko waccan don ka same shi a ciki, za ka kwanta a ƙarƙashinta shekara goma ba ka same shi ba, kuma motar da ta daɗe a tsaye ba a san abin da ta ɓoye ba. Ta Jos ana hawanta, mai ita yana da rai zai gaya maka halinta, garin kuma ba na tsatsa ba ne. Ni ita nake gani, kuma irinta babanka ya so tun farko. Amma kada ka saye ta don ka biya masa, ko don ka share mini hawaye. Ka je ka duba duka biyun yadda na gaya maka, ka ji ta bakin Rifkatu. Idan duka biyun sun ruɓe, ka juyo ka bar su, ba za ka zama ka ci amanar kowa ba.

Abin da ka ji yana da nauyi a ƙasan ambulan makullin motar babanka ne. Tun ranar da aka ja ta yake cikin jakar Littafina Mai Tsarki. Ba zai buɗe ta Kaduna ba, ba zai buɗe ta Jos ba. Naka ne tun tuni, ni ce na riƙe.

Ina roƙon gafararka, Dauda. Idan ka ji haushina, ka ji, kana da gaskiya. Ba sai ka kira ni yau ko gobe ba, kuma kada ka kira don kawai ka ce mini ba komai alhali akwai. Ka bari sai ka huce. Gidan nan zai yi mini faɗi daga jibi, ban san ma yadda ake dafa tuwon mutum ɗaya ba, amma zan koya. Wayata tana kusa da ni kullum, na sa Iliya ya ƙara mata ƙara don kada in rasa ji.

Ubangiji ya kiyaye fitarka da shigarka. Ya tsare ka a kan kowace hanya da za ka hau, ya raba ka da gaggawa da mugun direba da mugun aboki. Ya ba ku zaman lafiya kai da Rifkatu, ya sa ku riƙa faɗa wa juna gaskiya tun da sauran lokaci. Ka gaishe mini da ita, ka ce ta riƙa shan maganin sauro, ta kuma nemi majami'a kusa da ku tun makon farko. Allah ya sa mu gana da alheri.

Ni ce mamarka,
Saratu